Amsa ga ɗalibin da ya yi tambaya kan dokokin Attaura

Salama ɗan'uwa. Ka ce a makarantar Baibul an koya muku raba dokokin Musa kashi uku: na ɗabi'a, na hadaya da tsarki, da na mulkin Isra'ila. Kana tambaya ko wannan ya isa a gane wadda ta shafe mu yau.

Ba malaminku ya ƙirƙiro rabon ba, tun zamanin Toma Akwinas, masanin tauhidi na ƙarni na 13, yake, Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran Ikkilisiya a ƙarni na 16, ma ya bi shi, kuma zai ba ka maki a jarrabawa. Amma buɗe Littafin Firistoci 19. Aya 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ta 19 kuma ta hana sa riga mai zare iri biyu. Nassin bai ware su ba.

Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari a nan ƙasar Tangale, kuma abin da nake sa ɗalibai su fara yi shi ne su ɗauki doka kamar ƙarar da aka kawo gaban dagaci. Wa aka cuta? Wa ake karewa? Fitowa 22:5 ta ce wanda dabbarsa ta ci gonar wani zai biya daga mafi kyawun amfanin tasa gonar. Ɗan Billiri ko Kaltungo ba ya buƙatar sharhi a nan, kowace damina yana ganin wannan rigima. Idan ka jefa ayar cikin kashin mulki ka ce ta wuce, ka yi asarar wa'azi babba, har da ni'imar sulhu tsakanin manomi da makiyayi.

Sannan ka gwada dokar da dokokin al'ummai maƙwabtan Isra'ila. Na Hammurabi, sarkin Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, an tono dutsen da aka rubuta su a kai a Susa, cikin ƙasar Iran ta yau, a 1901. Shi ma yana da shari'ar sa mai tunkuyi. Idan an gargaɗi mai san bai ɗaure shi ba har ya kashe mutum, azurfa kawai zai biya. A Fitowa 21:29-30 kuwa ran mai san ne a kai, sai in an yarda ya fanshi kansa. Daga nan ɗalibi ke gane nauyin jinin mutum a Attaura.

Batun kaciya da abinci, manzanni sun zauna a kai a Urushalima. Karanta Ayyukan Manzanni 15 tare da Markus 7:19 kafin ajinku na gaba, ka dawo mu tattauna.