Amsa ga ɗana kan lissafin fensir kafin kwamfuta

Ɗana, tambayarka ta sa ni murmushi, daga baya kuma ta ɗan tayar mini da hankali. Kana so ka san abin da ya sa malaminka ya ce sai ka warware sassauƙan misali da fensir kafin ka ɗora wa kwamfuta lissafin yadda iskar haidirojin ke ratsa ƙarfen da ya yi zafi kuma ake jansa, alhali manhaja za ta gama aikin nan take.

A zamaninmu katunan da kwamfuta ke karantawa muke hudawa mu miƙa, sai washegari mu ga sakamako. Wata rana wani abokin karatunmu ya kawo wa malaminmu dogayen takardu, lissafin faifan ƙarfe ne da aka yi wa walda yana hucewa, lambobi sun jeru tsaf. Malam ya dubi shafi ɗaya kawai, ya ɗauki fensir, ya ninka ƙimar ratsawa, wato adadin da ke nuna saurin bazuwar haidirojin a cikin ƙarfe, da lokaci, ya fitar da saiwar adadin, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da shi, domin da ita ake kimanta nisan da ƙwayoyin haidirojin za su iya ci. Sai ya ce haidirojin ɗin ya yi tafiyar da ba zai iya ba. Ashe abokinmu ya bar ƙimar ratsawa ta ƙarfe mai zafi har ƙarshen lissafin, alhali ratsawa tana raguwa ƙwarai idan ƙarfe ya huce, bisa ƙa'idar Arrhenius. Takardunsa sun nuna haidirojin ya fice, ga shi kuwa yana nan a ciki, kuma ƙarfen da ya tsuke wajen hucewa yana jan kansa, haidirojin kuwa inda ƙarfe ya fi jawuwa yake taruwa, musamman a bakin tsaga. Shi ya sa walda kan tsage bayan sa'o'i, wani lokaci ma kwanaki. Malam yakan ce kwamfuta ba ta san ƙarfe ba, abin da ka gaya mata take maimaita maka.

Ka tuna masanin kimiyya Fick ya gina ƙa'idarsa ta ratsawa ta 1855 ne a kan lissafin yaɗuwar zafi da masanin lissafi Fourier ya wallafa a 1822, saboda haka warwarewa ɗaya da hannu takan haska maka duka biyun.

Abin da ke damuna da ku yanzu shi ne, da zarar hoto mai launi ya fito a allo sai ku gamsu. Ka ƙara yawan gutsattsarin ragarka, wato ƙananan yankunan da manhaja ke raba ƙarfen zuwa gare su, a bakin tsagar, ka raba takun lokaci, wato tazarar da ke tsakanin matakan lissafin, gida biyu, ka rubuto mini ko amsar ta canza.