Amsar tambayarka kan yaran da ke waƙa a ƙofar gida

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abokin karatunka ya gayyace ka ƙauyensu a kwarin Cwm Gwaun da ke Wales, a Birtaniya, ranar 13 ga Janairu, ya ce ka riƙe 'yan sulalla saboda yara, kana tambaya ko bara ce, kuma wace sabuwar shekara ake yi a tsakiyar wata.

Ba bara ba ce. Calennig suke kiranta, ni ma na yi ta ina yarinya, lokacin da kakanka, Allah ya jiƙansa, yake karatu a garin Aberystwyth, can Wales, muna zaune a wani ɗan ƙauye bayan gari. Ka ɗauke ta kamar yawon barka da sallah: ɗan mai hali da ɗan talaka duk suna fita, kuma gidan da aka tsallake shi ke jin haushi.

Tun da duhu muke tashi, sanyi na cin yatsu. A wasu garuruwan yara kan riƙe tuffa da aka soka wa tsinke uku ta tsaya da ƙafafunta, an caccaka mata kanumfari, an ɗora ɗan ganye a ka. Mu dai waƙa ce jarinmu. Mu tsaya bakin ƙofa mu rera da harshen Welsh, ni ina bin baki kawai, matar gida ta fito ta ba kowa peni, irin tsohon nan mai faɗi da aka daina a 1971. Wata tsohuwa a ƙarshen layi ba ta ba da kuɗi, sai ta zaunar da mu gaban murhun kwal ta yanka mana bara brith, burodinsu mai zabibi, ta shafe shi da man shanu. Gidanta muka fi so. Amma fa da rana ta take tsaka an rufe, wanda ya makara ya rasa.

Mu ranar 1 ga Janairu muke yi. Mutanen Cwm Gwaun kuwa sun riƙe tsohon lissafi. A 1752 Birtaniya ta sauya kalanda, aka zubar da kwana 11 daga Satumba, su kuma suka ci gaba da bikinsu yadda suka gada, suna ce masa Hen Galan, wato sabuwar shekara ta tsohon lissafi, shi ne suke yi ranar 13 ga Janairu. Galibin ƙauyuka sun bar al'adar, su ba su bari ba.

Ka je. Ka bar yaran su kai ƙarshen waƙarsu kafin ka sa hannu a aljihu, ka ba kowane yaro nasa a hannunsa. Idan an kawo abin sha, ka ce shayi kake so, ba mai ganin laifinka. Ka sa takalmi mai kauri, kwarin akwai laka.

Goggonka