Tambaya da Amsa: Lissafin bohol ɗinmu ya cakuɗe, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a sashen ruwa da tsafta na wata ƙaramar hukuma a nan jihar Kaduna, an damƙa min fayil ɗin Excel na duk bohol da famfunan tuƙa-tuƙa na yankinmu. Duk wanda ya fita zagaye ya dawo sai ya buɗe ya canza abin da ya gani, har ta kai an tura mai gyara wani ƙauye ya tarar famfon lafiyarsa lau, ashe wanda ya lalace yana wani ƙauyen mai irin sunan. Dan Allah ya zan riƙa sabunta bayanan ba tare da sun ƙara rikicewa ba?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya yi maka jagora, dan wannan fayil ɗin da kake riƙe da shi, shi ke sa wani ƙauyen ya samu ruwa wani kuma mata da yara su ci gaba da zuwa rafi.

Abu mafi girma da zan roƙe ka, ku daina goge tsohon bayani kuna rubuta sabo a kansa. Ka duba katin asibiti, likita ba ya share abin da aka rubuta wancan zuwan, ƙasa yake ci gaba da rubutu. To haka za ka yi, shafi ɗaya na abin da ba ya canzawa, wato inda bohol take, shekarar da aka haƙa ta, zurfinta, tuƙa-tuƙa ce ko mai sola, sai shafi na biyu na zagaye, duk fita sabon layi, da kwanan wata da sunan wanda ya je da abin da idonsa ya gani. In ka auna inda ruwa ya tsaya a watan Afrilu ƙarshen rani, wani ya auna a Satumba bayan ƙasa ta ƙoshi da ruwa ya goge naka, ai shikenan an rasa labarin da ya fi amfani, wato nawa ruwan ke ja da baya da rani, kuma shi ne zai nuna maka ko famfon ne ya lalace ko ruwan ne ya yi ƙasa.

Maganar mai gyaran nan kuwa, laifin suna ne. Unguwar Sarki nawa ne a jihar nan, Sabon Gari nawa, Tudun Wada nawa? Ga rubutun kowa daban, wannan ya sa Ung. wancan ya sa Anguwan. Kowace bohol a ba ta lamba tata ita kaɗai, a rubuta da fenti a jikin simintin, ko ta mutu kar a ba wata bohol lambarta. In RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, ko waɗanda suka haƙa sun riga sun ba ta lamba, ita za ka riƙe, kar ka ƙirƙiro wata.

Sai lambobin GPS, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira, nan ake yawan yin tuntuɓe. Garin Kaduna yana wajen 10.5 arewa, 7.4 gabas, in mai shigarwa ya juya su sai ka ga bohol ɗinka ta faɗa can kudancin Taraba a taswira. Kuma kar a yanke lambobin bayan ɗigo, in ka tsaya a biyu kana iya kaucewa da ɗaruruwan mita, a riƙa rubuta guda 5. Kafin ka yarda da kowane sabon wuri ka manna shi a Google Maps ka gani da idonka.

Masu haƙa da yawa da ƙafa suke faɗin zurfi, fom kuma mita yake nema, ƙafa 100 mita 30 ce da 'yan kai, a tsaya a mita kawai. Kwanan wata a fara da shekara, kamar 2024-04-03, dan kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta iya maida 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Inda ba a auna ba a bar wurin fayau, kar a sa sifili, kuma dan Allah labarin da kansila ko mai unguwa ya bayar ta waya a rubuta cewa ta waya ne, har sai wani ya je ya taɓa famfon.

Ni a ganina mutum ɗaya ya kamata ya riƙa shigarwa, sauran su kawo fom, wani kuma ya duba bayansa. In kuna da wayoyi, manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox ko mWater za su rage muku wahala, suna ɗaukar hoto da GPS ko babu netwok. Kafin kowace sabuntawa ka ajiye kwafi da kwanan ranar a filash ko imel ɗin ofis. Ka kuma nemi ogan ku ya tura ka Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke hanyar Mando, suna ba ma'aikatan ruwa horo, ka je ka tambayi kwas ɗin da ya dace da aikinka.