Tambaya da Amsa: Mai jinyar Hajiya da kuɗin adashinta

Wasiƙar farko daga wata 'yar'uwa take, 'yar Jega mai aiki a Birnin Kebbi:

"Anti, shekara uku ke nan ina jinyar wata Hajiya da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke yi mata wanka, in juya ta, in ba ta abinci da magani. 'Ya'yanta suna Abuja, suna biya na dubu 35 a wata, ba ni da ranar hutu. Ina son ta kamar uwata, amma na gaji, kuma in aka tambaye ni sana'ata sai in rasa ta cewa. Na kwashi adashi, ina da dubu 450. Wani ya ce in ba shi kafin alƙalami ya samo mini bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila. Yayana kuwa ya ce in koma makaranta. Wanne zan yi?"

Ƙanwata, kada ki ba mutumin nan ko sisi. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, kuma tun Maris na 2024 ta hana masu irin wannan biza tafiya da iyalinsu. Wanda yake tallar ta yau, ko dai bai sani ba ko yana so ya cuce ki, kuma ko wanne ne kuɗinki sun tafi. Idan ya nemi ki ba shi fasfo ya riƙe, ki kai maganar ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa da kika yi kina rasa ta cewa in an tambayi sana'arki. Na yi jinyar kakata wata bakwai a Argungu, na san abin da ke ciki. Na san tashin ƙarfe biyun dare don a juya mutum, da duba dunduniya da ƙugu ko fata ta fara ja, da zaunar da tsohuwa a jingine ta da matashi kafin a kai mata cokalin kunu don kada ta shaƙe. Duk da haka sai da gyambon kwanciya ya fito wa kakata, don ba mu san ana juyawa kowane awa biyu ba. Ke kin riƙe mace a kwance shekara uku. Ilimi ne wannan, takarda ce kawai ba ki da ita, kuma ita za ki nema da kuɗin nan.

A garinku na Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha, inda ake karatun ma'aikacin lafiyar al'umma: CHEW shekara uku, ƙaraminsa JCHEW shekara biyu. Akwai kuma kwalejin koyon aikin jinya a Birnin Kebbi, wadda ke neman kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Ɗauko sakamakonki na sakandare ki duba tukuna. In akwai giɓi, kuɗin farko da za ki taɓa na sake zana WAEC ko NECO ne. Ki kiyayi makarantun lungu masu kwas na wata shida da farin yunifom. Kafin ki biya kuɗin fom, tambayi ko hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta amince da su, domin takardar da ba lasisi a bayanta ba ta ba ki aiki a asibiti. Dubu 450 ba za su kai ki ƙarshen karatu ba, sai ku zauna da yayanki ku lissafa na shekara ta biyu tun yanzu.

Kafin nan ki kira babban ɗan Hajiya, cikin ladabi, ki nemi yini ɗaya na hutu a mako da ƙarin albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne tun 2024. Dokar ba ta hau kan gida mai ma'aikaci ɗaya ba, amma ma'auni ce da za ki iya ambata ba kunya. Ranar da tafiya ta zo kuma, kada ki yi ta kwatsam. A kawo wadda za ta gaje ki, ku yi wata guda tare, ta ga yadda ake juya Hajiya da zanen gado maimakon a ɗaga ta da ƙarfin baya.

Wani bawan Allah daga Yawuri kuma yana tambaya: mahaifinsa na da hawan jini kuma ya kwanta, wani matashi ke kula da shi. Na'urar awon jini ta wuyan hannu zai saya ko ta dantse? Katifar iska fa?

Malam, sayi ta dantse, ta fi ba da awo daidai. Gwada maɗaurin a hannun Baba kafin ka biya, don in ya yi masa yawa ko kaɗan lambar za ta yi ƙarya. Kai ta asibiti a gwada ta da tasu, ka haɗa da batir na ajiya da ɗan littafin da yaron zai riƙa rubuta awo da lokaci don likita ya gani. Katifar iska kuwa, wadda inji ke hurawa don rage gyambon kwanciya, injinta na son wuta dare da rana. In ba ku da sola, tana iya sacewa Baba na kai, don haka katifar soso mai kauri da matasan kai uku ko huɗu sun fi muku. Abin da ya rage a kuɗin, ka biya wata nas ta zo gida sau biyu ko uku ta nuna wa yaron juyawa da karanta na'urar.