Rabi da sulusi ba sa haɗuwa sai an daidaita gida

Ɗana, ka ce mai kaya ya sayo rabin yadi na aljihu da sulusin yadi na wuya a kasuwar Dole, wato 1/2 da 1/3, ka haɗa lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa, ka samu 2/5, kana tambaya ko daidai ne. Ba daidai ba ne. Duba da idonka: 2/5 ko rabi bai kai ba, alhali rabin yana hannunka tun kafin a ƙara sulusi.

Lambar ƙasa, wato gida, girman yanka take faɗa, ta sama kuma yawan yankan. Yankan rabi da na sulusi girmansu ba ɗaya ba, don haka ba a ƙirga su tare. Sai ka nemo lambar da 2 da 3 duk suke raba ta ba saura, wato 6. Rabi ya koma 3/6, sulusi ya koma 2/6. Abin da ka ninka ƙasa da shi, da shi za ka ninka sama. Yanzu haɗa na sama kaɗai, ka bar 6 a wurinta: 5/6.

Ɗauko tef ka gwada. Yadi inci 36 ne, rabinsa 18, sulusinsa 12, jimla 30. Kashi 5 cikin 6 na 36 ma 30 ne. Ni na fi son ka saba da wannan gwaji, domin almakashi ba ya mayar da abin da ya yanka.

Ragi ma haka ne, sai dai akwai wurin da yara ke tuntuɓe. A ce saura yadi 5 da kwata, za ka cire 2 da 2/3. Gidan da ya dace da 4 da 3 shi ne 12. Kwata 3/12, ɗayan kuma 8/12. Ba a cire 8 daga 3, sai ka aro yadi guda daga cikin 5 ɗin. Wannan yadin 12/12 ne, ba 10 ba kamar lissafin kuɗi. Ka samu 4 da 15/12, cire 2 da 8/12, saura yadi 2 da 7/12, wato yadi 2 da inci 21.

In kuma shadda aka kawo maka da awon mitir, kada ka gauraya ta da yadi. Yadi santimita 91 da ɗan ɗoriya ne, mitir 100. Mayar da su awo ɗaya tukuna, sannan ka sa alli.