Tambayoyinku kan Fasaha: Lokacin da Muryar Fim Take kan Faifan Garmaho

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Salamu alaikum Malam. Malaminmu ya ce lokacin da fim ya fara magana a Amurka, muryar ba a jikin fim ɗin take ba, wai faifan garmaho ake sakawa a gefe. To ta yaya bakin ɗan wasa yake dacewa da abin da faifan ke faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku ya faɗi gaskiya. Tsarin da ya fi shahara sunansa Vitaphone. Injiniyoyin kamfanonin Bell da Western Electric ne suka ƙera shi, kamfanin Warner Bros ya kai shi kasuwa. An fara nuna shi ranar 6 ga Agusta 1926 da fim ɗin Don Juan, wanda kiɗa da 'yan ƙararraki ne kawai a faifansa, ba a jin maganar 'yan wasa. Sai a Oktoba 1927 The Jazz Singer ya zo da waƙoƙi da 'yar magana, daga nan kasuwa ta juya.

Dabarar ita ce inji ɗaya ne yake jan fim ɗin kuma yake juya faifan. Majigin da mazaunin faifan a haɗe suke da sandar ƙarfe, don haka in ɗaya ya rage gudu, dole ɗayan ya rage. Edison ya gwada irin wannan tun 1913, ya ajiye garmahonsa kusa da allo, ya haɗa shi da majigi ta doguwar igiya, amma murya ta yi ta saɓa wa baki, abin bai daɗe ba ya mutu.

Lissafin Vitaphone yana burge ni har yau. Naɗin fim ɗaya ƙafa 1,000 ne, in ana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa yakan ɗauki kamar minti 11. Faifan garmahon gida mai juyi 78 a minti kuwa 'yan mintuna kaɗan yake yi ya ƙare. Sai suka faɗaɗa faifan zuwa inci 16, suka rage gudunsa zuwa juyi 33 da sulusi, ya zamana kowane naɗi yana da faifansa. Wannan gudun ne kamfanin Columbia ya ɗauka a 1948 don faifan dogon zango, irin wanda iyayenmu suka sani.

Akwai kibiya a jikin faifan, kusa da tsakiya. Mai majigi zai ɗora allura daidai kanta, ya saita fim a kan hoton da aka yi wa alamar farawa, sannan ya tayar da inji. Allurar daga ciki take tafiya zuwa waje, saɓanin garmahon gida. Shi ke nan haɗin ya ƙullu, kuma babu abin da zai gyara shi in ya kwance. Allura ta tsallake layi ɗaya, sauran mintunan duk murya daban, baki daban. Fim ya tsinke, ba a isa a yanke wurin a liƙe kamar zamanin fim marar magana ba, sai an ƙirga hotunan da suka lalace a sa baƙin fim mai tsawonsu daidai, 'yan kallo su ga duhu suna jin magana. Faifan yana fashewa a hanya, kuma yana cinyewa bayan an saka shi kamar sau 20, shi ya sa aka yi masa gidaje a takardar tsakiya inda ake sa alama duk bayan nuni. Ina ganin masu majigin wancan lokaci ba a ba su haƙƙinsu a tarihi ba, domin su ne suka riƙe tsarin da hannunsu dare bayan dare.

Wasu gidajen kallon kuma faifan kiɗa na kasuwa kawai suke sakawa a ƙarƙashin fim marar magana, a madadin makaɗa, ba tare da wani haɗi da majigi ba.

Abin da ya kashe faifan shi ne tsarin da ke zana sauti a gefen fim ɗin kansa, irin Movietone na kamfanin Fox. In an yanke hoto an yanke sautinsa tare. Zuwa 1931 Warner ma ta koma can.

Tambaya daga wata mai ɗaukar bidiyon biki a Maraɗi: Nakan ɗauki hoto da waya, murya kuma da wata 'yar na'ura daban don ta fi fita. In na haɗa su a kwamfuta, farko daidai suke, amma bayan minti 20 murya ta gudu ta bar baki. Me ke jawo haka?

Amsa: Malama, ciwon Vitaphone ne ya same ki, sai dai ke ba ki da sandar ƙarfen da ta ɗaure na'urorin biyu. Kowace da agogonta take ƙirga lokaci, ɗan bambancin da ba a ji a minti ɗaya yakan taru ya fito fili a minti 20. Ƙari a kan haka, wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hotuna ɗaya a daƙiƙa, sukan rage in haske ya yi ƙaranci, kuma wasu manhajojin tace bidiyo ba sa jure wannan.

Kafin ki fara tacewa, ki bi da bidiyon ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ki zaɓi Constant Framerate, wato adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa. Ki saita na'urar muryar a kan 48 kHz, shi ne ma'aunin aikin bidiyo. A wurin ɗauka ki tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara da farko, ki sake tafawa a ƙarshe. Tafin farko shi ne kibiyarki. In kin daidaita shi amma na ƙarshe bai hau ba, ki ja tsawon sautin kaɗan har ya hau. Kuma ki riƙa ɗauka gaɓa-gaɓa, kada ki bar na'ura tana tafiya awa guda.

Tambaya daga Kumasi: In na sa abin kunne na Bluetooth, murya tana zuwa a makare. Wayata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Sai an dunƙule sautin an aika an warware shi kafin ya iso kunnenka, wannan ne jinkirin. Tun da tazarar ba ta ƙaruwa, gyaranta mai sauƙi ne. VLC, manhajar kallon bidiyo, a waya yana da wurin matsar da sauti gaba ko baya, a kwamfuta mai Windows kuma maɓallan J da K ne ke yin haka. In wasan gem kake yi, sa abin kunne mai igiya.