Yaya, Ga Dalilin da Ya Sa Ɗanka Ke Riƙe da Sanda

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da su Hajiya da yara.

Saƙon muryarka ya iso, har sau biyu na saurare shi. Ka ce ka ga hoton ɗanka da hular kwano a ka da sanda a kafaɗa kamar mai shirin farauta, ka kuma tambaya: mu da muka ƙetare teku don 'ya'ya su yi karatu, me ya kai mu damƙa su a hannun wani koci? Ni ma irin tambayar da na yi ke nan lokacin da nake baƙo a Austin ta jihar Teksas a nan Amurka, don haka ban ga laifinka ba.

Sunan wasan besbol. Wani ya jefo ƙwallo, kai kuma ka make ta da sanda ka ruga, ka bi matsaya uku ka dawo inda ka tashi, sannan a rubuta wa ƙungiyarku ci ɗaya. Zagaye tara ake yi. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne, wanda ya yi bugu goma ya dace a uku, gwani ake ce masa. Sau bakwai yana komawa benci da kunya a gaban jama'a, gobe kuma ya sake fitowa.

A nan jami'o'i suna da nasu ƙungiyoyin wasa, kuma koci ma'aikacin jami'a ne kamar kowane malami, sai dai garin ya fi saninsa a kan shugaban jami'ar. Wanda na tarar a Jami'ar Teksas shi ne Augie Garrido. An haife shi a 1939 a Vallejo ta jihar Kalifoniya. Ya buga wa jami'ar Fresno State, har ya je gasar ƙarshe ta ƙasa da ita a 1959. Daga nan ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana fama a ƙananan rukunanta, gari gari a motar bas, amma ko sau ɗaya bai taka babban rukuni ba. Da a unguwarmu ne, da an ce ai wane ya yi ƙwallo bai ci ribarta ba. Shi kuwa sai ya koma makarantar sakandare yana koyar da yara, a 1969 ya samu jami'ar San Francisco State, ya wuce Cal Poly, sannan a 1973 ya sauka Fullerton, makarantar da ba a lissafa ta cikin manya. Da ita ya ɗauki kofin ƙasa a 1979 da 1984, ya je Illinois shekara uku, ya dawo ya ƙara ɗauka a 1995. Teksas ta kira shi, ya fara da ita a kakar 1997, ya kawo mata kofi a 2002 da 2005.

Na 2005 a idona aka yi. Ana buga wasan ƙarshen ne a Omaha ta jihar Nebraska, inda ƙungiyoyi takwas ke haɗuwa duk watan Yuni tun 1950, amma a daren, a nan Austin, aka kunna wa doguwar hasumiyar jami'a fitilu ruwan lemo da lamba 1 a jikinta. Lokacin ina tuƙin tasi. Ban san me aka ci ba, na dai san na yi ciniki. Haka a 2009, ranar da suka kara da Boston College aka yi zagaye 25, sama da awa bakwai, Teksas ta ci 3 da 2. Bayan ƙarfe ɗaya na dare na ɗauki wani tsoho da jikansa daga bakin fili, muryar tsohon ta dushe, yaron na barci da safar kama ƙwallo a hannu.

An san Garrido da wata dabara. Maimakon yaro ya zage ya make ƙwallo don a tafa masa, sai ya umarce shi ya tara sandar kawai, ƙwallon ta gangara kusa, a fitar da shi, ɗan'uwansa ya samu matsawa gaba. Ka tuna langa a ƙofar gidanmu, yadda muke shan faɗuwa don ruwa ya samu ya sha? To ita ce. Masu kallo da yawa sun tsani salon, suna cewa tsoro ne. Ni dai shi ya sa na fara kallon wasan da idon basira.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai da kaifin baki, kuma a 2009 an kama shi yana tuƙi a buge, jami'a ta dakatar da shi na ɗan lokaci. A 2016, da ƙungiyar ta yi mummunar shekara, ya sauka daga kujerar da nasara 1,975, adadin da ba wanda ya kai a lokacin. Ya rasu a watan Maris na 2018, kuma a shekarar Mike Martin, kocin jami'ar Florida State, ya wuce shi a yawan nasara.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa wasan nan hanyar karatu kyauta ce. Har zuwa 2025, gurbin tallafin karatu 11.7 kacal doka ta yarje wa ƙungiyar besbol ta babbar jami'a, a yanka shi gunduwa gunduwa tsakanin yara kusan talatin. Sanda mai kyau kuwa takan ci dala 300 ko fiye. In lissafin kuɗi ne, asara muke yi.

Abin da muke saye daban ne. Yaro a nan yana tashi makaranta da la'asar sakaliya, uwa da uba suna wurin aiki, babu kawu, babu maƙwabcin da zai tsawata masa. Wanda zai sa shi zuwa a kan lokaci, ya kuma ajiye shi a benci in makinsa na aji ya faɗi, shi ne koci. A Teksas doka ce ma, yaron da ya faɗi darasi ba ya buga wasa. Mu 'yan gidajen Hausawa da ke nan, da na Najeriya da na Nijar da na zangon Gana, mun yi wa abin ƙa'ida a tsakaninmu. Kafin a sa yaro, uba zai je da kansa ya zauna da kocin, ya gaya masa maganar salla da ta naman alade da ta azumi. Islamiyyar Lahadi ba a taɓa ta. Kai yara da ɗauko su kuwa karɓa-karɓa muke yi a zauren WhatsApp, yau motata, gobe ta wani.

Azumin bana ya faɗo daidai farkon kakar wasa. Wata ranar Talata ɗanka ya buga da ƙishirwa, abokansa na ta tauna 'ya'yan fure suna tofar da ɓawo, shi leɓensa ya bushe. Ana cikin zagaye na biyar rana ta faɗi. Na ga kocin, wani Bature mai tumbi, ya duba agogo, ya miƙa masa gorar ruwa da dabino uku da babarsa ta ƙulle a leda. Da layi ya zo kansa, aka yi masa alamar ya tara sanda. Ya tara, aka fitar da shi, abokinsa ya matsa gaba. Muka yi magariba ni da shi a bayan mota, a kan darduma ɗaya, wandonsa duk jar ƙasa.

Hoton da ka gani a daren aka ɗauke shi. Ya ce in gaya maka, in mai zuwa ya samu, a aiko masa da kilishi, mai yaji sosai.